Daga Sambol zuwa Makarantun Gwaji: Tarihin Dabarun Koyarwa a Nijar

Duk sa'ad da aka zauna shawara a kan gyaran makaranta a Nijar, maganar gine-gine da kuɗi da yawan yaran da aka rubuta ita ke cinye zaman. Abin da ke gudana cikin ɗakin aji kansa, watau wa ke magana, da wane harshe, me kuma yaro ke yi da bakinsa da hannunsa lokacin da malami ke tsaye gaban allo, ba safai ake bin diddiginsa ba. Alhali kuwa ƙasashe kaɗan ne a Afirka ta yamma suka kai Nijar gwada dabarun koyarwa. Sau biyu, a 1964 da 1973, aka ƙaddamar da gwajin da masana na waje suka riƙa zuwa kallo. Sau biyun aikin ya yi kyau cikin aji, sannan aka bar shi ya tsaya kusa da inda ya fara. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wannan tarihi ya zama abin da masu tsara ilimi ke bukata a kan teburinsu.

Mafarin zancen yana Senegal. A 1817 wani malami Bafaranshe, Jean Dard, ya buɗe makaranta a Sen-Luwi, ya zo kuma da dabarar da ake yayi a Turai a lokacin, wadda ake kira koyarwar juna: malami ɗaya ya koya wa yaran da suka fi gane karatu, su kuma kowane ya ɗauki ƙaramin rukuni ya biya musu. Bai daɗe ba ya lura yaransa suna iya furta abin da ke rubuce da Faransanci ba tare da sun san abin da suke faɗa ba. Sai ya juya, ya fara koya musu karatu da harshen Wolof, daga nan su haura zuwa Faransanci. Aikin ya kai shi ga wallafa ƙamus a 1825 da nahawun Wolof a 1826. Hukumar mulkin mallaka ba ta yi na'am ba. A 1829 ta yanke cewa da Faransanci kaɗai za a koyar. Ke nan tun makarantar boko ta farko a wannan yanki aka ga cutar, aka gwada maganinta, aka kuma ajiye shi domin dalilan da ba na koyarwa ba.

Koyarwar juna, in an duba, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo gardi ne ke biya wa ƙolo, kowane almajiri kuma yana tafiya da saurin kansa, ba ya wanke allonsa sai ya riƙe abin da ke kai. Masu tsara makarantar boko sun dubi makarantar allo ta fuskar hadda da dorina kawai, ba su ga wannan tsari ba, wanda ke ba malami ɗaya damar riƙe yara masu yawa da ba matakinsu ɗaya ba.

Dabarar da ta mamaye ajujuwan Afirka ta yamma ta Faransa ita ce wadda ake ce wa koyarwa kai tsaye. Ba domin Afirka aka ƙirƙiro ta ba. Wani babban sufeton makarantu, Irénée Carré, shi ya tsara ta a ƙarshen shekarun 1880 saboda yaran lardunan Faransa da ba su tashi da Faransanci ba, musamman na Bretagne. Ginshiƙinta shi ne kada a fassara kome: malami ya nuna ƙofa ya faɗi sunanta, ya tashi ya buɗe ta yana faɗin abin da yake yi, yara su maimaita, su aikata. Dokar da gwamna janar Jules Carde ya sa wa hannu a 1924 ta mai da wannan wajibi, ta hana malamai yin magana da ɗalibansu cikin harsunan ƙasa, taron Barazabil na 1944 kuma ya sake jaddada haka. Ba za a raina dabarar baki ɗaya ba. Ta kawo abu na zahiri cikin aji, ta sa yaro ya motsa, ya taɓa, ya yi magana, wajen koyon sunayen kaya da ayyukan yau da kullum kuwa tana da sauri. Amma ƙarfinta yana ƙarewa daidai inda nuni ya ƙare. Ana iya nuna tulu, ana iya nuna gudu. Ba a iya nuna "domin", ko "da a ce", ko "saura nawa". Da darasi ya kai ga dalili da sharaɗi, sai malami ya rasa hannun da zai kama yaro da shi, tun da an ɗaure masa harshen da su biyun suka sani.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne amshi da tsoro. Malami ya faɗi jimla ya bar gaɓar ƙarshe, aji duka ya cike da murya ɗaya. Wanda ya wuce ta bayan taga sai ya ce karatu na tafiya. Tsoron kuwa sambol ne ya tsaya masa: guntun itace, ko ƙashi, ko wani abin ƙyama da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a hannunsa ya sha hukunci. Shi ma daga lardunan Faransa aka kawo shi. Ta fuskar koyarwa, ɓarnarsa ta wuce zafin bulala, domin ya koya wa yaro cewa shiru ya fi tambaya lafiya, yaron da ba ya tambaya kuwa malaminsa ba shi da hanyar sanin inda ya ɓace.

Akwai kuma wahalar da ta shafi harshe tsantsa. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo. Faransanci yana da fiye da goma, cikinsu har da na hanci da waɗanda ake turo leɓe a furta su, irin na kalmomin rue da peu, waɗanda kunnen ɗan Tasawa ko ɗan Madawa bai taɓa rarrabewa ba. Hausa ba ta bambanta p da f, ba ta da v, ba ta kuma fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Kalmomin aro sun isa shaida: école ta zama lakwal, docteur ta zama lokotoro, monsieur ta zama mushe. Littafin Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda ya shiga makarantu a farkon shekarun 1930 ya kuma yi shekaru da dama cikinsu, ya bi hanyar haɗa baƙi da wasali, hanya ce kuwa mai kyau. Sai dai yaro yana haɗa sautukan da ba ya ji, cikin rubutun da sauti ɗaya ke iya zuwa da o, ko au, ko eau, domin ya fitar da kalmar da bai san ma'anarta ba. Ayyuka uku ke nan aka ɗora masa lokaci guda: gane cewa rubutu hoton magana ne, koyon sabbin sautuka, da koyon sabon harshe. A rubutun boko na Hausa, inda kusan kowane harafi ke da sauti ɗaya, aikin farko kaɗai ke gabansa.

Daga cikin gadon wancan zamani akwai abu ɗaya da ya cancanci a riƙe shi hannu biyu, watau dabarar ɗaga allo da ake dangantawa da makarantar La Martinière ta birnin Liyon. Malami ya faɗi tambaya, ya ba da ɗan lokaci a yi tunani, ya ƙwanƙwasa tebur kowa ya rubuta amsa a ƙaramin allonsa, ya sake ƙwanƙwasawa kowa ya ɗaga. Cikin ƙiftawar ido malami mai yara sittin ya ga wanda ya gane da wanda bai gane ba, babu mai fakewa bayan muryar wani. Alli da allo kawai take ci, kuma ba ruwanta da harshen da ake koyarwa da shi.

A ƙetaren iyaka an bi wata hanya dabam. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausar boko. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ya fito tsakanin 1937 da 1939, domin karatun aji aka yi shi. Turawan Ingila suna da nasu dalilan mulki, yaran da suka ɗauka kuma ba su da yawa. Duk da haka, tsakanin Katsina da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya ya zama na littafi a can, na sambol a nan.

Sa'ad da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, ƙwararrun malamai kuwa ƴan ƙalilan ne. Wannan ƙunci shi ya haifi makarantar talabijin. An fara a 1964 da ajujuwa biyu a Yamai, ƙarƙashin wani ayarin Faransawa da Max Egly ya jagoranta. A 1966 aka ƙara ajujuwa ashirin a ƙauyukan da ke kewaye da birnin, yaran duka suka kai wajen 800. Masu riƙe ajujuwan ba malamai ba ne da aka horar a makarantar horon malamai. Samari ne masu takardar gama firamare, aka ba su horon watanni kaɗan. Kowace rana akwati yana kawo gajerun shirye-shirye huɗu, kowane bai wuce minti goma sha biyar ba, sauran yinin kuma na mai riƙe aji ne: ya shirya yara kafin shirin, bayan shirin ya sa su maimaita wasan da suka gani, su yi zane, su ƙirga, su ba da labari, yana bin takardar jagora da aka rubuto masa. An matse karatun shekara shida cikin huɗu, an hana maimaita aji. A 1968 har aka fara kunna akwatin da hasken rana, abin da ba a saba gani ba ko'ina a lokacin.

Sakamakon ya ba mutane mamaki. Kusan duk yaran sun kai ƙarshen shekara huɗun, a ƙasar da barin makaranta da maimaita aji suka zama ruwan dare. Baƙin da suka ziyarci ajujuwan sun yi ta maganar yadda yaran ke Faransanci da sakin jiki, suna tambaya, suna gardama. Wilbur Schramm, masanin sadarwa na Amurka, ya sa gwajin cikin manyan misalansa, Kodibuwa kuma ta ɗauki darasi daga gare shi sa'ad da ta fara nata shirin a 1971. Da yawa sun ɗauka sirrin yana cikin akwatin. Wanda ya karanta yadda aka tsara aikin zai ga cewa akwatin ƙaramin ɓangare ne. Kowane darasi ayari ne ya zauna ya tsara shi. Akwai masu bincike da ke zama cikin aji suna duba inda yara suka rikice, su mayar da labari a gyara shirin. Mai riƙe aji bai taɓa shiga gaban yara ba tare da ya san abin da zai yi daga farko har ƙarshe ba, ana kuma ziyartarsa a kai a kai. Saurayi mai ƙaramin ilimi da aka tsaya masa haka ya yi abin da ya gagari malami mai babbar takarda da aka jefa ƙauye aka manta da shi.

To, amma aikin ya tashi da rauninsa. An gina shi a gefen ma'aikatar ilimi, sufetoci da malamai suna kallonsa a matsayin kishiya. Shekaru da dama rukunin yara ɗaya rak ake yi wa shirye-shirye, ga ma'aikata Turawa masu yawa, sai kuɗin kowane yaro ya yi tsada ƙwarai. Da yaran suka iso jarrabawar sartifika, wadda ke auna shibta da ƙa'idojin nahawu fiye da magana da fahimta, ba su yi fice ba. A farkon shekarun 1970 aikin ya koma hannun ƴan ƙasa, ajujuwa suka haura ɗari, amma a 1979 aka rufe shi, kayan aikinsa suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: makarantar talabijin ba ta taɓa dokar 1924 ba. Koyarwa kai tsaye ce aka kai iyakar kyanta, da Faransanci tun ranar farko.

Masu taɓa wannan doka daga wata ƙofa suka fito. A 1964 Abdou Moumouni ya wallafa L'éducation en Afrique, inda ya kafa hujja cewa ba za a gyara makarantar Afirka ba sai da harsunanta. Aikin yaƙi da jahilci na manya, da aka fara a farkon shekarun 1960, ya nuna a fili cewa manomi yana iya karatu da Hausa cikin ƴan watanni. Taron da UNESCO ta kira a Bamako daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966 ya daidaita haruffan harsuna shida, Hausa na cikinsu. Nijar ta ɗauki salon ninka wasali domin nuna tsawonsa, kamar yadda sunayen jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii ke nunawa. Salon yana taimakon mai koyo, amma ya raba shi da littattafan Zariya da Kano, sai da taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu, dokar 1999 kuma ta tsayar da ƙa'idar da Nijar ke bi.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, da Hausa. Daga baya tsarin ya haɗa da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci, makarantun suka kai 42. Shekara uku na farko da harshen gida ake koyar da kome. Faransanci yana shigowa a hankali, da baki tukuna sannan a rubuce, daga aji na huɗu ya karɓi ragamar koyarwa. An haɗa da aikin hannu, lambu da kiwo, cibiyar INDRAP kuwa, wadda aka kafa a 1974, ita aka ɗora wa rubuta littattafai da tsayar da kalmomin fannoni.

Darasin lissafi shi ya fi nuna abin da sauyin harshe ke buɗe wa malami. Yarinyar da ke tallar ƙosai a kasuwar Maraɗi ta san faran 25 dala biyar ne, 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1000 jikka guda. Tana ba da canji ba ta kuskure. Watau ta shigo aji da ninkawa da biyar da rabawa da biyar a kanta. Malamin da ke koyarwa da Hausa zai iya ɗora darasinsa a kan wannan, ya tambaye ta yadda ta yi, ta bayyana, sauran yara su gyara mata ko su yarda. Ko "ashirin ba ɗaya" da ake faɗa maimakon goma sha tara, darasin ɗebewa ne a shirye. A ajin Faransanci duk wannan ilimi a bakin ƙofa yake tsayawa, yarinyar kuma ta tarar da 97 ana kiransa quatre-vingt-dix-sept, huɗu-ashirin-goma-bakwai, alhali tis'in da bakwai na Hausa yana bin lambobin da ke kan allo sau da ƙafa.

Binciken da aka yi ya tabbatar da abin da hankali ke zato. Mart Hovens, wanda ya kwatanta makarantun Nijar da na Gine-Bisau a wani nazari na 2002, ya sami yaran da suka fara da harshen gida sun fi karatu, har da karatun Faransancin kansa, ƴaƴan karkara da ƴan mata kuma su suka fi cin riba. Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin dabaru shi ne abin da aka gani da aka zauna cikin ajujuwan: yara sun fi yin magana, malamai sun fi yin tambayar da ke neman bayani, amshi ya ragu. Ba wata sabuwar dabara aka koya wa malaman nan da ba a koya wa sauran ba. A makarantar horon malamai kowa an gaya masa ya sa yaro ya yi tunani, ya yi aikin rukuni, ya gano da kansa. Amma aikin rukuni cikin harshen da babu mai jin sa a rukunin, shiru ne ko wasa. Hassana Alidou, masaniyar harshe ƴar Nijar, da abokan aikinta sun bayyana wannan dalla-dalla cikin babban nazarin da ƙungiyar ADEA ta gabatar a 2006.

Duk da haka makarantun sun shekara fiye da ashirin suna amsa sunan gwaji. Jarrabawar ƙarshe da ta shiga kwaleji da Faransanci kaɗai ake yin su, don haka malamin aji na biyar da na shida yakan watsar da Hausa ya koma shibta. Littattafai ba su isa ba. Ana tura malamin da aka horar da Hausa wata makaranta ta daban, a kawo wanda bai taɓa rubuta ɗ da ƙ ba, ko ma wanda ba ya jin harshen garin. Iyaye kuma suna da ido: sun ga ƴaƴan manyan ma'aikata ba sa cikin waɗannan ajujuwa, suka yanke hukuncin da kowa zai yanke. Tsarin kansa ma yana da giɓi. Shekara uku sun isa yaro ya iya karatu da harshensa, amma ba su isa ya tara Faransancin da zai ɗauki darasin kimiyya da tarihi da shi ba. Nazarin 2006 ya ce ana bukatar shida zuwa takwas, gwajin Ile-Ife na Nijeriya kuma, da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da Yarabanci shekara shida cur, ya goyi bayan haka.

Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, ta 2001 kuma ta lissafa guda goma. Amma a daidai wannan lokaci ne aka buɗe ƙofar ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, da yawansu ba tare da horon kirki ba, har suka zama mafi rinjaye a firamare. An koma halin 1964, matasa masu ƙaramin ilimi gaban aji, sai dai babu takardar jagora ta kowace rana, babu mai ziyara. Awon PASEC na 2014 ya nuna ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne ke kai matakin da ake so a karatu a ƙarshen firamare. Na 2019 ya nuna ci gaba, amma mafi yawa suna ƙasa da matakin. A jarrabawar da aka yi wa malaman kwantaragi a 2017, galibinsu ba su sami rabin maki ba.

Kundin 2025 ya sauya matsayin Hausa a takarda, bai rubuta littafin lissafi na aji biyar ba. Littattafan da aka gada daga makarantun gwaji na ƙananan ajujuwa ne, domin a nan tsarin ya tsaya. Daga aji na huɗu zuwa sama aikin kalmomin fannoni da jagoran malami yana nan yana jira, haka ma jarrabawar da za ta auna abin da aka koya da harshen da aka koya shi. Ga kuma yaron Difa ko na Tera ko na Agadas, wanda ba da Hausa ya tashi ba: idan aka tarye shi da ita kaɗai ranar farko, aka hana shi nasa harshen, to matsalar da Jean Dard ya gani a Sen-Luwi ita ce za ta same shi.